Ƙofar Alli

Bene na uku, unguwar Kadikoy a Santambul,
kujera biyu, kyamara ɗaya, shayi ya huce a kofi.
Aikina karanta layin matar da ba ni zan fito ba.
Sau arba'in yau na ce, "Ka dawo?"
sau arba'in wani ya amsa, "Na dawo."

Labarin bai sauya ba: matuƙin jirgin fito,
shekara tara a kurkuku, ga shi a bakin gidansa.
Takarda ba ta faɗi kamanninsa ba.
Takarda bebiya ce, sai an ara mata maƙogwaro.

Tayfun ya shigo, turarensa ya riga shi sallama,
shi ne hotonsa ke manne a jikin motocin haya.
Ya faɗi kalma biyun da murmushi a gefen baki,
nan take fim ya zama na masoya,
jan fitila, goge na kuka, 'yan mata na share ido.
Sadri mai zuba kuɗi ya hau ƙirga tikiti da leɓɓansa.

Sarp bai dubi kowa ba.
Ya faɗe ta ƙasa-ƙasa, kamar ana wasa wuƙa a bayan ɗaki,
har gwiwata ta yi sanyi.
In shi aka ɗauka, dole a yi gawa kafin ƙarshe,
alhali marubuci ko kaza bai yanka ba.

Wani mai kumatu ya gwada, mai ɗaukar hoto ya tuntsure.
Bawan Allah bai nufi raha ba, haka fuskarsa ta zo.

Dab da magariba, jirage na busa a mashigin ruwa,
sai ga Rifki.
Shekara ashirin yana fitowa direba, mai gadi,
sau biyu ma gawa.
Ya tsaya a layin allin da muka ja a madadin ƙofa,
wanda kowa ya tsallake tun safe,
ya sunkuya, ya cire takalmi, ya jera su gefe.
Safarsa ta hagu ta huje a babban yatsa.

Na ce, "Ka dawo?"
Ya buɗe baki.
Shiru.
Ya juya yana duban bango fari fat,
kamar mai neman ƙusar da ya saba rataye riga.
Ni da nake karatu da rabin zuciya,
hankalina na kan jirgin ƙarfe bakwai,
sai na ji bakina ya faɗi abin da ba a rubuta ba:
"Akwai sauran miya a tukunya."

Nevra darakta ta ajiye alƙalami.
Sadri ya ce, "Wa zai biya ya kalli wannan fuska?"
Ta ce, "Wanda ya taɓa jiran wani."
Sati uku suna ja-in-ja, ya janye rabin kuɗinsa.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.
Marubuci ya yage shafi bakwai na surutu,
mai kiɗa ya sallami makaɗa, ya bar sarewa guda,
aka kashe rabin fitilu, aka jira lokacin ruwa,
jarumar da ta saba ɗaga murya
ta koyi magana kamar akwai mai barci a ɗaki.

Ran da aka haska, zaure bai cika ba.
Ina can baya na ji zancen miyata a bakin wata,
na ji wani dattijo kusa da ni yana haɗiyar yawu.

A jirgin komawa na tarar da Rifki
yana gutsura wa tsuntsayen teku burodi.
Na ce, "Shirun nan na ranar gwaji, ina ka koyo shi?"
Ya kakkaɓe hannu, ya dubi ruwa.
"Mantawa na yi, 'yar'uwa.
Wallahi layin ne ya ɓace mini."